Shirun Baiti Na Biyu

Ranar da suka fara haɗuwa, sau huɗu ya tsayar da ita kafin ta kai ƙarshen layin farko.

Tana tsaye a ɗan ɗakin gilashi na situdiyo, abin sauraro a kunnenta, ta saki murya kamar yadda ta saba saki a coci. Shi yana zaune a ɗaya ɓangaren, gaban kwamfuta da wani faffaɗan teburi cike da maɓallai. Ya ɗaga hannu.

"Yi haƙuri, ki ɗan rage ƙarfi."

Ta rage. Ya sake ɗaga hannu. A karo na huɗu sai ta fizge abin kunnen, ta turo ƙofa ta fito.

"Malam, waƙa na zo yi ko raɗa? Kundin waƙa biyu na fitar kafin in san da zamanka a duniya, ba wanda ya taɓa ce min na cika ƙarfi!"

Injiniyan sautin ya dube ta, ko a jikinsa. Dogo ne siriri, mai maganar sanyi, irin mutanen da ke ƙara wa mai fushi fushi.

"Ranki ya daɗe, makirufon nan har numfashinki yana ji. Ba sai kin yi masa tsawa ba."

Auta ta yi tsaki ta koma ciki. Tun daga ranar ya sa mata suna Tsawa, ita kuma ta sa masa Kunne, wai Allah bai ba shi komai ba sai kunnuwa.

A gaskiya ba laifinta ba ne. Mahaifinta shi ne shugaban mawaƙan cocinsu, shekara talatin yana kan piyano. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu ya tsayar da ita a gaban muryoyi ashirin da huɗu, ga ganguna, ga ƙaho, ya ce ta fito a ji ta. Yarinyar da aka yi wa haka, in ba ta yi ihu ba me za ta yi? Kundinta biyu duk haka suka fita, da kiɗa mai tashe da amshi kamar rufin zai ɗage, kuma mutane sun so su. Wannan na uku ma haka Baba ya tsara shi, baiti baiti, a littafinsa mai jan bango.

Mako biyu ana zuwa gwaji. Kullum sai ita da Injiniya sun yi faɗa, kullum kuma sai ta riga kowa zuwa.

Wata ranar Laraba da rana, kafin sauran su iso, ya ce mata, "Tsawa, yi min wata alfarma. Ki rera baiti na biyun nan kamar mutum ɗaya kike gaya wa, yana zaune kusa da ke."

"Wane mutum?"

"Wanda kike wa waƙar mana. Ai ba kurma ba ne."

Ta harare shi, amma ta rufe ido ta yi. Da ta buɗe, sai ta ga ya cire hannunsa daga kan maɓallan gaba ɗaya, yana kallonta ta gilashi. Ta rasa inda za ta sa idonta.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Yau ne na fara jin muryarki. Duk kwanakin nan ƙarfinki nake ji."

Ta amsa: "Kunne, ka cika iyayi. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Na ƙoshi."

"Maƙaryaci. Tashi ka ci."

Ranar ɗaukar babbar waƙar kowa ya hallara. Mawaƙa a babban ɗaki, Baba a kan tsohon piyanon situdiyo da makirufo a gabansa, Auta a ɗakin gilashinta, kowa na jin kowa ta abin kunne. Da aka zo baiti na biyu, ba ta shirya ba, sai kawai ta sauke murya ta rera shi yadda ta rera ranar Laraba.

Piyano ya tsaya cik.

Sai da baitin ya kusa ƙarewa ya dawo, a gurguje. Ana gamawa Baba ya miƙe yana faɗa.

"Kai yaro, wane irin kaya ne da kai? Abin kunnen nan ya ɗauke min a tsakiyar waƙa!"

Injiniya ya ce, "Laifina ne, Baba. Zan gyara wurin."

Ɗan Dattijo ya yi dariya har da buga cinya. Shi ne jagoran muryoyin maza, ɗan wani dattijon coci, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙyalli. Shekara uku yana ɗaukar wa Baba jakar littattafai, kuma kowa ya san ba don son littattafan ba ne. Baba ya riga ya gama yi masa kallon suruki, Auta ce dai ba ta taɓa kallonsa sau biyu ba.

Bayan kwana goma Injiniya ya turo waƙar da aka gama haɗawa. Baba ya hana kowa buɗewa, ya ce tare za a ji, ranar Asabar da la'asar, a ɗakin gwajin waƙa na coci. Aka jera benci, aka kawo babbar lasifika. Har matan da ba sa cikin mawaƙa sun zo, Mama ma ta zo ta zauna a baya da jakarta a cinya.

Baba ya yi addu'a, ya danna.

Shiru.

Ya bubbuga lasifikar, ya murɗa ta har ƙarshe. Shiru dai. Wajen daƙiƙa ashirin, daidai tsawon kiɗan buɗewa, ba a ji ko motsi ba. Sai aka ji wani ya ja numfashi, a hankali, kamar a cikin kunnen kowa. Sai muryar Auta ta shigo, ita kaɗai.

Babu piyano. Babu ganga. Inda ya kamata muryoyi ashirin da huɗu su amsa, sai shiru, sai ita ta dawo. Haka waƙar ta tafi har ƙarshe.

Auta ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa.

Ɗan Dattijo ne ya fara magana. "To, jama'a, kun ji. An share mu. Wata biyu muna fasa maƙogwaro, ashe mu shara ne."

Baba ya kashe lasifikar. "Ni za a goge? A waƙar da na rubuta da hannuna?"

Kafin gari ya waye Ɗan Dattijo ya tura waƙar cikin zauren mawaƙa na waya, daga nan ta bazu. Kuma abin haushi, mutanen da ba su taɓa riƙe ko maɓalli ɗaya ba duk sun zama masana. Wannan ta ce Auta ta yi girman kai, ta fi ƙarfin ƙungiyar da ta raine ta. Waccan ta ce ai wannan ba yabo ba ne, waƙar soyayya ce aka liƙa wa sunan Yesu, a tambayi wanda ake yi wa. Mutanen da jiya suke share hawaye in ta rera, yau su ne ke matsawa in ta zauna a benci. Ba wanda ya tambaye ta ko ta sani.

Auta ba ta jira Litinin ba ta tura wa Injiniya saƙo.

"Ka kyauta. Tun ranar farko kake son ka raba ni da su, yau ka samu. Ka kunyata mahaifina a gaban ɗalibansa. Kada ka sake kira na."

Ya amsa nan take: "Wallahi kuskure ne. Ba ni minti biyar in yi miki bayani."

Ba ta amsa ba. Ya kira sau bakwai, ta kife wayar.

Ranar Talata fushin ya ƙi barinta ta zauna, ta tafi situdiyo da ƙafarta, don ta fi son ta wanke shi ido da ido. Ta same shi a zaune, bai ko yi aski ba.

"Ina jin ka. Minti biyar."

Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Layuka ne jere, launi launi, kowace murya da nata layin, kowane kayan kiɗa da nasa.

"Duba, kowa na nan. Ban goge ko tari ba. Kin ga wannan ɗan maɓallin mai ruwan ɗorawa a kan layinki? In an danna shi, sauran duk sai su yi shiru, a ji layi ɗaya. Muna amfani da shi wajen gyara. Na manta shi a danne na fitar da waƙar, kuma ban saurara ba kafin in tura. Ko ɗan koyo ba zai yi wannan ba."

"To me ya sa yake a danne? Ba ka ce ka gama gyaran muryata tun makon jiya ba?"

Ya hau murza gefen teburi.

"Kunne, tambayarka nake."

"Domin haka nake sauraronki. Kullum in na tashi daga aiki sai in danna shi, in ji ki ke kaɗai sau ɗaya kafin in kulle. Ranar nan sau uku na ji, kaina ya tafi."

Duk maganganun da Auta ta jero a hanya suka watse. Ta so ta ci gaba da fushi, ta neme shi ta rasa.

"Wawa kawai," ta ce. "Ka san abin da ka jawo min?"

"Na sani. Ina son ki, Tsawata. Na so in faɗa miki ta hanyar da ta fi wannan kyau."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Tana cikin mota ta rubuta masa: "Ka yi aski. Ka yi muni."

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar Asabar ɗin take jin waƙar a ɓoye. Da fari don ta ƙara jin haushi. Daga baya ta lura tana jin kalmomin kamar ba ita ta rera su ba shekara da shekaru. A karon farko ta ji kanta tana addu'a a cikin waƙa, ba tana ƙoƙarin tsere wa ganga ba.

Ranar Alhamis bayan cin abincin rana ta durƙusa gaban Baba a falo.

"Baba, ina so kundin nan ya fita a haka. Murya da jita guda, wasu wuraren da piyanonka. Mawaƙa su shigo a waƙa biyu na ƙarshe. Kuma Injiniya yana so ya turo manyansa."

Baba ya sauke tabarau. "Maimaita."

Ta maimaita.

"Wato shekara goma sha huɗu ina gina murya, wani mai danna maɓalli ya zo ya rushe a wata biyu, kuma in ɗauki 'yar in ba shi lada? Yabon Ubangiji na jama'a ne, ba raɗa ba ce a ɗaki! Ga yaron kirki nan da ya tashi a gabana, kin tsallake shi."

"Yaron kirkin ne ya watsa ni a wayoyin mutane, Baba."

"Rufe min baki! Muddin ina numfashi, ba kundi, ba aure. In kin fitar, kin fitar ba da albarkata ba."

Mama tana gefe tana ninke kaya, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ni dai ranar nan ne na fara jin abin da waƙar ke cewa. Da ƙaho kawai nake ji."

"Ke ma kin bi su?"

"Ni ban bi kowa ba. Kunne gare ni."

Auta ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana iya fitar da kundin, ba wanda zai riƙe mata hannu. Amma waƙar da Baba bai sa wa albarka ba, da wane baki za ta rera ta? Ta rubuta wa Injiniya: "Ya ƙi. Duka biyun. Kuma ba zan tsallake shi ba, ko da zan mutu da son ka."

Ya amsa: "Ban ce ki tsallake shi ba. Wanda ya koya miki waƙa ba abokin gabana ba ne. Zan jira, Tsawata."

Ranar Litinin da hantsi Baba ya sa Ɗan Dattijo ya kai shi situdiyo, wai zai karɓe muryoyin mawaƙansa a kai wani wuri a haɗa. Auta ta ji, ta bi bayansu.

Baba bai amsa gaisuwa ba. "Ba ni abin da ya rage, in akwai wanda ba ka goge ba."

"Duk suna nan, Baba." Injiniya ya nuna masa layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Zane kawai nake gani. Wanne ne nawa?"

"Wannan shuɗin."

"To danna min maɓallin naka. Yadda ka yi mata, ka yi min. In ji kaina ni kaɗai, tun daga fari, yadda na buga ranar, ba wanda ka yi wa kwaskwarima ba."

Injiniya ya girgiza kai. "Baba, da an bar wannan."

"Kun gani?" in ji Ɗan Dattijo. "Ai na faɗa, babu komai a ciki."

"Danna!" Baba ya daka tsawa.

Injiniya ya miƙe, ya ba Baba kujerarsa, ya ɗauko abin kunne ya miƙa masa da hannu biyu. "To ka ji kai kaɗai, Baba."

Baba ya sa. Aka ga yana gyaɗa kai, yatsunsa na bin kiɗan a kan gwiwa. Can sai yatsun suka tsaya. Fuskarsa ta sauya. Ya daɗe a haka, sannan ya cire abin kunnen a hankali, ya dubi Injiniya.

"Tun yaushe ka san da wannan?"

"Tun ranar, Baba."

"Ka ce laifinka ne."

"Na ce."

"Ana zaginka a coci fiye da mako guda, da ka kunna wannan sau ɗaya ai ka wanke kanka."

"Ba nawa ba ne da zan kunna wa mutane. Na ɗauko bugun baiti na farko na toshe wurin, shi ke nan."

Baba ya kai hannu da kansa ya zare igiyar abin kunnen daga jikin teburin. "Mayar baya. Kowa ya ji."

Piyano ya cika ɗakin, bugun Baba mai nauyi da kowa ya sani. Aka zo baiti na biyu, sai ya yanke. Ba abin kunne ne ya ɗauke ba, don ana jin muryar Auta can ƙasa ƙasa tana fitowa daga cikinsa. Aka ji kujera ta yi ƙara. Aka ji dattijo ya ja hanci. Sai muryar Baba ta fito, dab da makirufo:

"Ya Ubangiji. Wannan 'yata ce?"

Auta ta toshe baki da hannu biyu.

Ɗan Dattijo ya fara cewa, "Ai Baba, wannan ba ya nufin..."

"Je ka jira ni a mota," in ji Baba, bai ko waiwaya ba. "Kuma kafin yamma ka shiga zauren nan da ka watsa 'yata, ka gaya musu ba a goge kowa ba."

Da ƙofa ta rufe, Baba ya goge ido da gefen hannun rigarsa, ya ce, "Na ji tsoro ne, Auta. Na ji ki a ranar, na ga ba kya bukatar mu."

Ta durƙusa ta kama gwiwarsa. "Baba, wa ya koya min inda ake numfashi?"

Ya ɗora hannu a kanta. Sannan ya juya ga Injiniya, ya haɗe fuska, don kada a raina shi.

"Kai kuma, ka turo manyanka. Amma ka ji da kyau, in ka sake tura waƙa ba ka saurara ba, da kaina zan zo in karɓe 'yata."

Kundin ya fita bayan wata uku, waƙa tara, bakwai daga ciki murya ce da jita da piyanon Baba a hankali. Wasu sun ce sun fi son na da, kuma hakkinsu ne. Amma matar nan da ta ce waƙar soyayya ce, ita aka gani tana rera baiti na biyu a bakin famfo ido a rufe.

Da safiyar ɗaurin aure saƙo ya shigo wayar amarya.

"Na duba komai sau uku. Ba abin da na manta a danne."

Ta amsa: "Saura zobe, Kunnena. Duba aljihu."

Coci ya cika. Bayan fasto ya haɗa hannuwansu, aka miƙa wa Auta makirufo. Baba ya buga buɗewa, mawaƙa ashirin da huɗu suka amsa baiti na farko har tagogi na rawa, ganga na tashi, ƙaho na tashi. Da aka zo baiti na biyu, Baba ya ɗaga hannu sama ya dunƙule shi. Kowa ya yi tsit. Ya janye yatsunsa daga kan piyano, ya ɗora su a cinya, ya juyo gaba ɗaya yana kallon 'yarsa.

Ta rera shi a hankali, hannunta cikin na mijinta, har na bencin ƙarshe ya ji kowace kalma.

Da ta gama, Baba ya jawo makirufonsa, wannan karon da saninsa.

"Wannan 'yata ce," ya ce. "Wannan kuma ɗana ne. Ubangiji ya sa albarka a gidanku, ya ba ku kunnen jin juna ko da murya ta yi ƙasa."

Jama'a suka amsa da Amin, muryar Mama ta fi ta kowa ƙarfi.